Ganyen Magaryar Gidan Su Mama

Tun da na dawo daga gabashin Sakkwato abokan aikina suka sa ni gaba a ɗakin malamai. Wannan ta ce ina tsarabar albasa, waccan ta ce ashe 'yan bindiga sun bar ni na dawo, Malama Zulai kuwa kullum tambayarta ɗaya: "Wai Bilki, da gaske ƙwaro kuka tafi nema?" Nakan yi dariya in ce eh, in kawar da zancen. Ba rowar labari nake yi ba. Duk sanda na ɗauko shi da baki, akwai wurin da nake kaiwa muryata ta ƙi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta, a ƙyale ni in sarara.

Da gaske ƙwaro muka tafi nema, ni da mahaifina. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da ilimin ƙwari a Zariya har ya yi ritaya, kuma a ƙwarin duniya kaf bai ga abin so ba sai wasu 'yan mitsi-mitsi, dangin asu, waɗanda ko sun buɗe fikafikai da ƙyar suke kai ƙwayar shinkafa. Su ba tufafi suke ci ba. Tsutsarsu takan shige cikin ganye, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana ci tana tafiya, ta bar farin zane a bayanta. In ta ƙoshi ta naɗe kanta, bayan wasu kwanaki ta fito da fikafikai. Baba kan ce gida ɗaya ne mai ɗakuna da yawa: masana sun ba gidan suna guda, kowane ɗaki kuma da nasa sunan, akwai masu bin ganyen auduga, akwai masu bin magarya. A idona dai duk ƙura ce mai tashi.

A cikin akwatunansa akwai guda ɗaya da ba ta da suna. Mace ce. Ya samo ta tun yana saurayi, lokacin da aiki ya kai shi wani ƙauye a bayan Goronyo, a jikin magaryar da ke tsakar gidan limamin garin. A gidan ya samo ƙwaron, a gidan kuma ya ga 'yar liman, wadda ta zama mahaifiyata. 'Yan'uwan ƙwaron duk zanensu miƙewa yake yi a ganye, na wannan kuwa naɗewa yake kamar gammo. Baba ya tabbata sabon iri ne da ba a taɓa rubutawa ba, amma a wannan gidan na ƙwari ba a raɗa wa iri suna sai an samu namiji, don a jikin namijin ake ganin bambancin da kyau. Tsutsar ba ta bayyana sai ƙarshen damina, daidai lokacin da makaranta ke riƙe da shi. Da ya taɓa dacewa ya ɗebo ganyen, zafin mota ya kashe su tun kafin Gusau. Daga baya hanya ta lalace, ƙauyen ma ya watse.

Sunan da ya tanada wa ƙwaron na Mama ne. Sunanta ɗaya da mahaifiyarsa, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba, sai dai "Mai-sunan-Inna". Yakan ce tunda ba zai iya faɗa ba, zai rubuta shi a inda ba zai goge ba. Mama kan taɓe baki ta ce, "Wasu a gina musu gida, ni a ba ni ƙwaro," amma ka ga tana murmushi. Ta rasu bara waccan, tana ta cewa a kai ta gida, hanya ba ta bari ba. Ba a daɗe ba hawan jinin ido ya cinye wa Baba idon dama, na hagun kuma ya koma kamar mai leƙe ta bututu. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce kada mu sa ran idon zai kai wata daminar. Da ruwa ya fara ɗaukewa sai Baba ya ce, "Bilkisu, ki ara mini idanunki." Na ɗauki hutu, muka shiga mota.

Daga Zariya zuwa Sakkwato ba abin da zan faɗa muku sai shingaye, da yadda mota kan yi tsit in an shiga daji, kowa na motsa baki. A wani shinge jami'i ya buɗe jakar Baba, ya ga kwalabe da ragar kamu da allurai, ya ce, "Baba, boka ne kai?" Baba ya ce malamin ƙwari ne. Mutumin ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai jinya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Dabarar Baba ita ce mu fara da wuraren da ke da dama-dama, ko Allah zai sa ƙwaron yana wata magaryar, mu huta da shiga ƙauyen su Mama. Don haka daga Sakkwato muka nufi Rabah, muka ɗauki masu babur zuwa Tursa. Aikin kullum iri ɗaya ne. Baba ya lalubo reshe ya janyo, ƙaya na kama masa hannun riga, ni kuma in kafa gilashin ƙara girma a kan ganyen.

"Ya miƙe ko ya naɗe?"

"Ya miƙe, Baba."

"To, mu je gaba."

A bayan Tursa wani dattijo Bafulatani ya daɗe yana kallonmu, ya dogara da sandarsa, kafin ya kasa haƙuri. "Malam, mi kuka biɗa ga abincin awaki?"

Baba dama kaɗan yake jira. Ya ce kamar yadda ake da Gudali da Rahaji kuma duk shanu ne, haka ƙwarin nan suke, kowa da danginsa. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya gane, amma su shanu da ƙaho da tozo ake rabewa, abu kamar tsaba fa? Nan Baba ya shiga bayanin yadda ake ɗaukar namijin a yanke ƙarshen cikinsa a duba a madubin ɗakin bincike, da abin da ake dubawa. Ni dai na juya ina kallon gajimare, ina roƙon ƙasa ta buɗe. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai! Ashe boko har nan yak kai!" Bai bar mu mun tafi ba sai da matarsa ta kawo nono a ƙwarya, mai sanyi, ba ko ɗigon ruwa. Muna sha yana gaya mana rabin garkensa an kore bara, cikin murya irin ta mai ba da labarin kasuwa. Wannan ya fi kuka taɓa ni.

A Wurno muka sauka gidan Malam Nasiru, tsohon ɗalibin Baba, wanda yanzu malamin gona ne. Garin ƙamshin albasa da tafarnuwa yake tun daga tasha. Mu a Zazzau in an ce abincin rana, tukunya ake nufi. Can kuwa da hantsi ya ɗaga aka dire mini ƙwaryar fura, na sha kaɗan don in bar wa shinkafa wuri, na zauna jira. Shiru. Ashe furar ce abincin. Matar gidan, Hajiya Luba, ta ga na rage ta ce, "Mi ad damuwa, ɗiyata? Hurag ga ba ta yi miki ba?" Ai sai cokalin ya tsaya mini a hannu. Haka Mama take magana in ta manta tana Zariya, da wannan "mi" ɗin, da wannan jan muryar a ƙarshe. Na ce fura ta yi, na sunkuyar da kai na shanye tas don kada ta ga idona.

A gidan ne muka tsallake rijiya da baya. Baba ya jera kwalaben ganyen da muka ɗebo a Tursa a bakin taga, ko da na gama-gari ne, yana so ya raine su ya gwada. Gab da magariba sai ga Hajiya Luba da gorar fiya-fiya, za ta feshe ɗakin baƙo don kada sauro ya taɓa malamin mijinta. Baba ya ji warin tun daga ƙofa. Ban san yana da sauran gudu haka ba, ya tare ƙofar da hannu biyu kamar mai tsaron raga. Baiwar Allah ta tsaya sororo, ta rasa laifin da ta yi. Ranar da sauro muka kwana, mu da ƙwarinmu.

Washegari Baba ya shiga ziyarar hubbare, daga nan Malam Nasiru ya kai mu wani gari da ake kira Magarya. Na sa rai sosai, na ce garin da ya ci sunan ai ba a rasa ba. Muka samu 'yan tsiraru a gefen gonaki, awaki sun aske su iya tsayin wuyansu. Na duba har idona ya fara ruwa. Duk sun miƙe. A hanyar dawowa, da muka kusa gari, Baba ya ce, "Sai gidan liman ke nan."

A Goronyo dangin Mama suke yanzu, gida ɗaya na haya, iyali uku a cunkushe. Kawu Umaru, ƙanen Mama, shi ne babba a maza. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma ya sa aka nemo kifi daga madatsar ruwa aka yi mana miya, alhali na ga abin da yaran gidan suka ci. A ɗakin ƙurya yayar Mama, Inna Rabi, take kwance, ta daɗe ba ta tashi. Da na durƙusa kusa da ita ta shafa fuskata ta ce, "Hadiza, kin zaka?" Aka ce mata ɗiyar Hadiza ce. Ta ce ta sani, amma ba ta saki hannuna ba.

Da Baba ya faɗi abin da ya kawo mu, Kawu ya ce atafau. "Malam, garin ga ba kowa cikinai. Mu da munka gina shi mun baro shi. Kai kuma ka tahi da ɗiya mace sabadda ƙwaro?"

Baba ya ce, "Alkawari na yi wa yayarka, Umaru. Idon kuma ya kusa tafiya."

Kawu ya daɗe yana kallon tabarma. Daga ƙarshe ya ce akwai magidanta da ke shiga da safe a kan babur su yanko ɗan abin da ya nuna a gonakinsu, su fito kafin la'asar. Za mu bi su, amma in an ce a tashi, a tashi. Da zan fita da safe Inna Rabi ta kira ni. "In kun tahi ki duba min magaryab babanmu, ko tana nan. Ƙarƙashinta munka yi wasa da uwakki."

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Na taɓa zuwa ina ƙarama, abin da na riƙe shi ne hayaniya, daka da kukan jakai da yara. Wannan karon ko kaza babu. An ciccire ƙofofi, rumbuna sun zama baƙaƙen da'ira a ƙasa, ciyawa ta shiga har cikin masallaci. Tsoro ya kama ni sosai. Baba ya riƙe kafaɗata, amma shi yake nuna hanya, ya ce a yi dama, a wuce rijiya, zaure na biyu.

Magaryar tana nan, sai dai wuta ta cinye ta ta gefen rumbu, kututturen ya yi baƙi ya tsage. Reshe ɗaya ne ya rage da ganye, ya sunkuyo ta kan katanga. Baba ya janyo shi. Na kafa gilashi a ganyen farko, ba komai. Na biyu, ba komai. A na gaba na ga wani farin zare ya zagaye kansa, ya sake zagayewa, a tsakiya kuma ɗan abu kore yana motsi.

"Ya miƙe ko ya naɗe?"

"Baba, ya naɗe. Kamar gammo. Ga wani, ga wani kuma. Suna da rai."

Ya karɓi ganyen ya kai shi dab da idon hagu, yana juya kai yana neman inda haske zai faɗa. Ban san ko ya gani ba. Na dai ga hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Mai-sunan-Inna, ga su nan. Ga su nan."

Ba mu samu zaman tsincewa ba. Ɗaya daga cikin masu babur ya shigo da gudu ya ce an ji ƙarar injuna ta arewa, a tashi. Baba ya zaro rigar matashin kai da yake yawo da ita, don leda na dafa ganye, muka shiga zage reshen gaba ɗaya, mai zane da marar zane, ƙaya na yagar mana hannu. Ya ce in mun isa gida ma zauna mu ware a kwalabe. Na rungume jakar ganyen a ƙirji har Goronyo. Duk gargadar hanyar nan Baba lissafi yake a bayana, yana cewa a cikin wannan yawan ba za a rasa namiji ba.

Tun daga bakin layi muka ga maza zaune a ƙofar gida. Inna Rabi ta cika bayan azahar.

Baba ya zauna cikin maza. Ni na shiga ciki, kukan ɗiyarta Indo ya tare ni, na ajiye jakar a gefen ƙofa na rungume ta. Aka ja ni ɗakin, na ga fuskar Inna Rabi, wadda ta koma ta Mama sak. Na zauna a wurin ina kuka, na Inna Rabi da na Mama da ban gama ba. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Ƙarar turmi ce ta dawo da ni.

A tsakar gida wata tsohuwa tana kirɓa ganye, rigar matashin Baba tana gefe a zazzage. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Da ganyen magarya ake wa mamaci wanka. An aiki wani nemowa bai dawo ba, ana sauri a kai ta kafin rana ta faɗi, sai ga baƙi sun shigo gidan mutuwa da jaka cike da shi. Wa zai yi zaton wani abu daban?

Na ce, "Inna, masu zanen fa? Akwai masu farin zane a jiki."

"Masu tsutsa? Mun tsince su sarai, ɗiyata, mun zuba wuta. A wanke Rabi da ganye mai tsutsa?" Ta nuna murhun da ake ɗumama ruwa. Na leƙa. Ko ɗaya bai rage ba.

Indo ta kamo hannuna tana share hawaye. "Ƙaƙa Baba yas sani? Masu babur sun ce na gidan kakanmu na. Allah shi saka mai. Kullum zancenta ke nan, magaryag ga."

Na fita zaure. Na durƙusa kusa da Baba, na gaya masa a kunne, duka, har da murhun. Hannunsa da ke kan gwiwa ya ɗan motsa. Na jira ya yi salati, ko ya yi faɗa, ko ya tambaye ni dalilin da na ajiye jakar. Bai yi ko ɗaya ba. Sannan ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Ya ishe su?"

Na ce ya isa.

"Alhamdu lillahi. Ita ta samu na gidan ubanta. Kada ki gaya wa kowa."

Haka aka yi. Har muka yi addu'ar uku mutane na zuwa suna yi masa godiya, ana nuna shi ana cewa surukin liman ne, makaho-makaho da shi ya shiga garin da kowa ya gudu don ya ɗebo wa Rabi ganyen wanka. Yana amsawa da "ba komai". Kawu Umaru kaɗai ya san gaskiya, shi ma bai ɗaga zancen ba sai a tasha, inda ya riƙe hannun Baba ya ce, "Malam, in hanya ta yi kyau baɗi..." Baba ya ce, "In Allah ya kai mu." Dukansu sun san reshe ɗaya ne, kuma mun zage shi. Masu babur ma daga ranar ba su sake shiga ba.

A hanyar dawowa ban ga komai ba, don haka kada ku tambaye ni. Na ji haushi, ban kuma san wanda zan ji haushinsa ba. Tsohuwar nan gyara ta yi. Da ni ce a bakin turmin, ba 'yar Baba ba, da abin da zan yi ke nan.

Idon hagun bai kai damina ba, kamar yadda likita ya faɗa. Kwanan baya Indo ta bugo waya, a cikin hira ta ce an ce iska ta kayar da magaryar. Na rasa yadda zan gaya wa Baba, da na faɗa kuma sai ya ce in ɗauko masa akwatin wadda ba ta da suna. Ya ɗora shi a cinya, ya ce in buɗe in gaya masa abin da na gani. Na ce ga ta nan a kan allura, fikafikanta ruwan toka da ɗigon fari, gefensu kamar gashin ido. Ya ce takardar ƙasan fa? Na ce sunan ƙauye ne da shekara, layin ƙarshe kuma ba komai.

"Ba za ta shiga littafin kowa ba," in ji shi. "Ɗauko fensir."

Na ɗauko, na zare 'yar takardar, na tsaya ina jira. Na ɗauka yau dai zan ji sunan daga bakinsa. Leɓensa ya motsa, ya tsaya.

"Kin san shi," ya ce.

Takardar ba ta kai faɗin farcena ba, sai da na ƙanƙance hannu sosai kafin Hadiza ya shiga. Na mayar da ita ƙarƙashin allurar. Ya ce in karanta masa abin da na rubuta, na karanta. Ya ce in sake.